Richard Burns Rally: da gaske ya fi na zamani, ko kewar da ce kawai?

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina buga DiRT Rally 2.0 da hannun gem, kuma ina ganin na iya daidai gwargwado. Sai nake ta jin masu tseren mota a kwamfuta suna cewa babu kamar Richard Burns Rally, wai duk na zamani yara ne a gabansa. Na samu na saka, amma wallahi ko hanya ɗaya ban gama ba sai motar ta daki bishiya ko ta faɗa rami, ga hotunansa duk sun tsufa. Shin da gaske yana da kyaun da ake faɗa, ko tsofaffin hannu ne ke kewar ƙuruciyarsu? Kuma ya cancanci in sayi sitiyari saboda shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki: ko yabon da ake yi wa wasan yana da tushe, ko wahalar da kake sha laifinka ce ko laifinsa, sai kuma batun kashe kuɗi a kan sitiyari. Bari in fara da abin da zai rage maka ruɗani. Yabon yana da tushe, amma yawancin masu yinsa a yau ba wasan da ya fito a faifai a 2004 suke nufi ba. Suna nufin wani abu ne da masoyansa suka gina a kan ƙashin bayansa cikin shekara ashirin. Sunan ɗaya ne, abin kuwa kusan biyu. Idan ba ka raba su ba, za ka yi ta jin ana zuga abin da idonka bai gani ba, har ka ɗauka ƙarya ake yi maka.

Inda wasan ya fito

Kamfanin Warthog ne ya ƙera shi ta hannun reshensa na ƙasar Suwidin, SCi kuma ya fitar da shi kasuwa a 2004, a kan PlayStation 2 da Xbox da kwamfuta. Mai sunan, Richard Burns, direba ne ɗan Ingila wanda ya ci gasar duniya ta rali (tseren mota da agogo a kan hanyoyin daji da karkara) a 2001 da motar Subaru Impreza, tare da mai karanta masa hanya Robert Reid. A ƙarshen 2003 aka gano yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2005 yana da shekara 34, ranar da ta cika shekara huɗu cif da cin kofinsa. Muryarsa da ta Reid ne kake ji a cikin wasan.

A wancan lokacin kasuwar wasannin rali tana hannun mutum biyu. Akwai jerin Colin McRae Rally na kamfanin Codemasters, wanda ya fara tun 1998, akwai kuma jerin WRC na PlayStation 2 wanda ke riƙe da lasisin gasar duniya. Dukkansu an yi su ne don mutum ya ɗauki hannu ya ji daɗi tun daren farko: hanya mai faɗi, birki mai kamawa fiye da kima, mota mai yafiya. Masu Richard Burns Rally sai suka ɗauki wata hanya dabam. Suka ce bari mu kwaikwayi yadda motar rali take a zahiri, ko da mai saye zai sha wuya. Wannan shawara ita ce tushen duk wani alherin wasan, ita ce kuma ta hana shi karɓuwa a wurin jama'a lokacin da ya fito.

Abin da ke sa kana dukan bishiya

A nan gizo ke saƙar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Motar gasar duniya ta wancan zamani tana da inji mai lita 2 da turbo, ƙarfinta wajen doki 300, nauyinta bai gaza kilo 1230 ba, kuma duk tayoyinta huɗu suna ja. Duk wannan ƙarfi da nauyi ba su da wata mahaɗa da ƙasa sai ɗan wurin da kowace taya ta taɓa. Kowace taya kuma tana da iyakar riƙon da za ta iya, riƙon nan kuwa yana ƙaruwa idan nauyi ya danne ta, yana raguwa idan nauyi ya tashi daga kanta. Ka ɗauki nauyin motar kamar ruwa a cikin daro da ka ɗauko: ka tsaya kwatsam ya kwararo gaba, ka zabura ya koma baya, ka karkata ya taru gefe ɗaya. Idan ka taka birki nauyi ya sauka a kan tayoyin gaba, su kama ƙasa, baya kuma ya yi sakayau yana neman zamewa. Idan ka taka totur nauyi ya koma baya, gaba ya yi sauƙi, ka murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa.

Wasan yana lissafa wannan ga kowace taya ita kaɗai, tare da aikin sifirin da shokozoba, da irin ƙasar da tayar ke kai a wannan daƙiƙar. Shi ya sa a kan burji sitiyari ba shi ne babban abin juya mota ba. Ƙafa ce ke juya ta. Kana tunkarar kwana, sai ka taka birki tun motar tana miƙe, ka saki kaɗan yayin da kake karkata hancinta, ka bar bayan ya ɗan zame har motar ta kalli mafitar kwanar, sannan ka ba ta wuta tayoyi huɗu su ja ka su fitar. Wanda ya saba shiga kwana da gudu ya dogara da murɗa sitiyari, a nan hancin motarsa zai zarce kai tsaye. Bishiyar da kake duka ke nan.

Zan iya cewa kusan duk sabon shiga da na zauna da shi matsalarsa ɗaya ce: yana taka birki a makare. Tsakuwa ba kwalta ba ce, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ya fi abin da ido ke zato nesa ba kusa ba. Sannan allon kwamfuta yana ɓoye gudu. Kana ganin kamar tafiya kake a hankali, ka duba agogon gudu ka tarar kana kan kilomita 130 a cikin daji, a kan hanyar da da kyar mota biyu za su gifta juna. DiRT Rally 2.0 ma yana koyar da sarrafa nauyi, ba wai wasan yara ba ne kamar yadda masu zuga ke faɗa, amma yana ba ka riƙo da birki da suka fi yalwa, musamman idan motar ta riga ta juya gefe. Hannunka ya saba da wannan rangwame, shi ne yanzu babu.

Akwai abu na biyu wanda a ganina ya kai lissafin mota muhimmanci, ko ma ya fi, amma ba a cika ambatonsa ba: yadda aka zana hanyoyin. Wasan yana da hanyoyi 36 a ƙasashe shida, wato Birtaniya da Finland da Faransa da Amurka da Japan da Ostireliya. An yi su da faɗi irin na gaske, ba a buɗe su don jin daɗin mai wasa ba. Tsakiyar hanya tudu ne, gefe-gefe gangare, ga kwata a baki, ga kututture da duwatsu a ɓoye cikin ciyawa. Wannan gangaren gefe yana da aiki: idan ka saka tayoyin ciki a cikinsa sai ya riƙe ka ya zagaya da kai, idan ka haura tudun tsakiya ka faɗa ɓangaren waje sai ya tura ka daji. Kwana ɗaya, gudu ɗaya, amma bambancin taku ɗaya a inda ka ajiye taya shi ke raba wanda ya wuce da wanda ya kife.

Kowace ƙasa da halinta. Harwood Forest da Chirdonhead na Birtaniya daji ne mai laka da ramukan ruwa a gefe. Hanyoyin Nevada a Amurka, irin su Prospect Ridge, suna da sarari da gudu, su ne ke ruɗin mutum ya saki jiki. Na Finland dusar ƙanƙara ce, inda tudun ƙanƙarar da ke bakin hanya zai iya tallafe ka idan ka goge shi a hankali, ya kuma haɗiye ka idan ka shige shi da hanci. Na Hokkaido a Japan, musamman Noiker mai kusan kilomita 14, matsattsu ne masu gajiyar da kai. Sai Mineshaft ta Ostireliya mai wani gangare da hanya ke ɓacewa daga ƙarƙashinka gaba ɗaya, wanda duk mai buga wasan yana da labarinsa a kai. Abin da waɗannan hanyoyi ke haifarwa shi ne tsoro, kuma tsoron nan shi ne ainihin abin da masoyan wasan ke nema. Rali ba tseren kafaɗa da kafaɗa ba ne, mota ɗaya ake saki bayan ɗaya, da agogo kake faɗa. Gwanintar ita ce sanin inda za ka ɗaga ƙafa. Wasa ƙalilan ne suka iya sa mutum ya ɗaga ƙafa don kansa, ba don an rubuta masa a allo ba.

Lalacewar mota ita ke ƙarasa aikin. Idan ka saita ta a matakin gaske, dutse ɗaya zai fasa lagireto, ka ga zafin inji yana hawa har ya mutu kafin ka kai ƙarshe. Saukowa daga tsalle a karkace tana karya ƙafar mota. Giya tana iya ɓacewa. Babu mayar da lokaci baya irin na DiRT 2 da DiRT 3. Idan ka maƙale a rami sai ka kira 'yan kallo su turo ka, agogo kuwa yana ta tafiya. A gasar kaka guda, ɓarnar da ka yi tana bin ka zuwa hanya ta gaba sai an kai wurin gyara, can ma lokacin makanikai ƙayyadadde ne, dole ka zaɓi abin da za a taɓa da abin da za ka lallaɓa da shi.

Sai makarantar tuƙi da ke cikinsa, wadda aka gina a kan wata makarantar rali ta gaske da ke Wales. Burns da kansa ke yi maka bayani, daga sarrafa birki da giya zuwa juyawa da birkin hannu, da taka birki da ƙafar hagu, da dabarar nan ta mutanen arewacin Turai ta fara karkata mota zuwa waje kafin a wurga ta cikin kwana. Har yau ban ga wasan rali da ya yi darasi mai kyaunsa ba. Daga yadda ka ba da labari, ina zargin tsallake ta ka yi.

Inda ya gaza

To, wahala dabam, gaskiya dabam. Masoyan wasan suna yawan haɗa su, duk abin da ya ba su wuya sai su ce ai haka motar gaske take. Ba haka ba ne, kuma wasan asali yana da kurakurai da ya kamata a faɗa.

Mafi girma shi ne kwalta. An gina lissafin tayoyin ne da burji a zuciya, sai hanyoyin Faransa irin su Joux Plane da Côte d'Arbroz suka zama wurin da ya fi rauni. Motar rali a kan busasshiyar kwalta manne take, ana tuƙa ta da tsabta kusan irin ta filin tsere, zamewa asarar lokaci ce. A wasan asali kuwa motar tana sulɓi fiye da yadda ya dace, riƙon yana zuwa yana tafiya ba tare da gargaɗin kirki ba. Haka nan idan gudu ya yi ƙasa sosai, kamar a kwana mai lanƙwasar ƙugiya, motsin motar yakan zama wani iri. Sannan wasu ƙananan abubuwan bakin hanya, ɗan itace ko alama, suna tsayar da mota cak kamar an dasa su da kankare. Wannan ba kwaikwayon gaskiya ba ne, gazawar aiki ce.

Na biyu, kayan cikinsa kaɗan ne. Motoci takwas ne kacal: Subaru Impreza iri biyu, Mitsubishi Lancer Evolution VII, Peugeot 206, Citroën Xsara, Toyota Corolla, Hyundai Accent, da MG ZR. Bakwai daga ciki masu jan taya huɗu ne masu kama da juna a aiki, MG ɗin ce kaɗai mai jan gaba. Babu mai jan baya ko ɗaya, babu dodannin rukunin B, wato motocin rali masu tsananin ƙarfi da aka haramta bayan 1986, babu Ford. Da yake lasisin gasar duniya yana hannun wasu, ba za ka ga zagayen gasar duniya da jerin direbobinta ba. Hanyoyi 36 ɗin ma, da dama daga ciki hanya ɗaya ce aka juya ta baya, kuma gajeru ne idan aka gwada da na gaske, inda hanya mai kilomita 20 ko 30 ba abin mamaki ba ce. Babu tseren dare. Babu buga wasa da wani ta intanet, sai dai karɓa-karɓa a kan na'ura ɗaya.

Na uku ya shafe ka kai tsaye, kai da ka fito daga DiRT: karatun hanya. A can ka saba da lamba, 1 kwana mai tsanani, 6 mai sauƙi. A nan Reid yana amfani da kalmomi ne na siffantawa, daga wadda ake shiga ba ɗaga ƙafa har zuwa mai lanƙwasar ƙugiya, har da wata da ake kira da harafin K, wadda ta fi matsakaiciya tsanani amma ba ta kai kusurwa 90 ba. Kafin kunnenka ya saba, ka riga ka shiga daji sau da yawa. Ban da haka bayanin ba shi da zurfi. Kwana biyu da aka kira da suna ɗaya za su iya bambanta ƙwarai, kuma akwai wuraren haɗari da ba a faɗakar da kai yadda ya kamata. Sakamakon shi ne mutum yakan koma haddace hanya, alhali rali an gina shi ne a kan amincewa da abin da na kusa da kai ke karanta maka.

Hoto da sauti ba sai na ja ba, idonka ya gani. Bishiyoyi fale-fale ne, 'yan kallo kamar an yanko su daga takarda, ƙarar inji siririya ce ba ta da kauri. Abin da zan ce kawai shi ne tsufan yana da riba ɗaya: kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi ma tana ɗaukarsa ba tare da sarƙewa ba, kuma a wasan da ake gyara kuskure cikin ƙiftawar ido, tafiyar hoto sumul ta fi kyaun ganye amfani.

Akwai kuma abin da ban san ko in sa shi a ribar ko a asarar ba, wato saitin mota. Ya yi zurfi ƙwarai. Za ka iya taɓa sifirin, shokozoba, tsayin mota, karkatar taya, iskar taya, rabon birki tsakanin gaba da baya, har da taswirar yadda na'urorin raba ƙarfi tsakanin tayoyi za su kulle gwargwadon totur da birki da gudu, kamar yadda motocin gasar wancan zamani suke da shi. Ga mai sha'awar kanikanci wannan aljanna ce. Ga sabon shiga kuwa rijiya ce, don wasan ba ya bayyana maka abin da kowace lamba ke yi. Shawarata kada ka taɓa komai a nan tukuna. Na sha ganin mutum yana ta juya lambobi yana neman maganin abin da ƙafarsa ce ke jawo shi.

Wasan na biyu, wanda ake yabo

Bayan fitowarsa kamfanin ya saki gyara biyu na kwamfuta, 1.01 da 1.02, daga nan shiru. An sayar da Warthog, SCi ya haɗe da kamfanin Eidos, daga baya kamfanin Square Enix ya saye su a 2009, ba a kuma yi na biyu ba. Yau ba a sayar da shi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet. Da wani wasan ne da tuni an manta da shi.

Abin da ya faru shi ne masoyansa, musamman a Turai, sun buɗe cikinsa suka ci gaba da gini. 'Yan Jamhuriyar Cek suka yi manhajar da ta ba da damar yin gasa ta intanet, aka yi wata irinta mai suna RSRBR a ɓangaren Faransa, daga baya dandalin RallySimFans na Hangari ya zama matattarar da mafi yawa ke amfani da ita. Wani mai suna WorkerBee a intanet ya sake rubuta lissafin motsin mota, aikin da ake kira NGP, wanda ya gyara yawancin matsalar kwalta da tayoyi, ya kuma ba kowace mota halinta. Aka ƙara motoci masu yawa, daga tsofaffin masu jan baya zuwa na gasar yau. Aka ƙara ɗaruruwan hanyoyi, wasunsu kwafin hanyoyin gasa na gaske ne masu tsawo. Aka sake sauti, aka kawo tallafin faffaɗan allo da tabarau na VR, mai sa ka ji kamar kana cikin motar, aka kuma yi manhajar karatun hanya da ke ba ka damar sauya kalmomi zuwa lamba, ka matsar da kira gaba ko baya, ko ka rubuta naka bayanin da kanka bayan ka zagaya hanyar a hankali, kamar yadda direbobin gaske ke yi kafin gasa.

Idan ka ji an ce wasu direbobin rali na gaske suna atisaye da Richard Burns Rally, wannan suke nufi. Kusan duk abin da na lissafa a matsayin rauni, an taɓa shi a nan. Amma shi ma da nasa. Hanyoyin mutane daban-daban ne suka yi su a lokacin hutunsu, don haka wata za ta ba ka mamaki da kyau, wata kuma ka rasa yadda aka yi aka sake ta. Shigar da shi da saita sitiyari da maɓallai yana cin lokaci da haƙuri. Babu wani labari ko tsarin hawa mataki da zai ja ka, kai ne za ka nemi gasa ka shiga. Kuma ƙashin bayan dai na 2004 ne, duk kwalliyar da aka yi masa ba zai kai DiRT Rally 2.0 na 2019 ko EA Sports WRC na 2023 kyaun gani ba. DiRT ɗin ma yana da abin da ya yi fice a kai, kamar yadda hanya ke lalacewa gwargwadon motocin da suka riga ka wucewa, da sauti wanda har yau yana cikin mafi kyau.

Iyakar abin da zan iya shaida a kai ita ce wannan: ni mai tuƙi ne a kwamfuta, na daɗe a kan sitiyari da feda, amma ban taɓa shiga gasar rali da motar gaske ba. Idan na ce motsin NGP ya fi gamsar da ni, ina nufin yana bin ƙa'idojin nauyi da riƙo ba tare da saɓa wa kansa ba, abin da na yi jiya ya ba ni sakamako kaza, yau ma shi zai ba ni, kuma idan na kife ina iya nuna dalilin. Wanda ya ce maka wani wasa daidai yake da motar gaske ɗari bisa ɗari ya wuce gona da iri, don babu kujerar ɗaki da za ta ba ka jijjiga da jan jiki da direba ke karanta mota da su.

Batun sitiyari

Kada ka sayi sitiyari saboda wasa ɗaya da ba ka riga ka so ba. Amma ka sani cewa da hannun gem rabin wasan kake gani. An yi shi ya yi aiki da hannu, tunda a PlayStation 2 da Xbox ma ya fito, kuma akwai masu buga shi haka su yi lokaci mai kyau. Sai dai abubuwa biyu suna ɓacewa. Na farko shi ne jan da sitiyari mai injin ciki ke yi wa hannunka: yana yin sauƙi idan tayoyin gaba sun rasa riƙo, yana fizgar kansa zuwa inda ya kamata idan baya ya zame, sai ka ji matsala kafin ka gan ta. Na biyu shi ne feda, don taka birki da totur a lokaci ɗaya da ƙafa biyu, kowanne da nasa gwargwado, shi ne zuciyar tuƙin burji. Da kibod kam ban ba ka shawara ba sam, maɓalli ba shi da rabi, ko ka danna ko ka saki.

Ga yadda zan so ka yi. Ka koma wasan da hannun da kake da shi, ka shiga makarantar tuƙi ka gama ta daga farko har ƙarshe, ko da wani darasin zai sa ka maimaita har ka gaji. Daga nan ka ɗauki MG ZR, ba Subaru ba. Ƙarfinta kaɗan ne, kuma da yake gaba ke ja, dole ta koya maka juya mota da birki. Ka zaɓi hanya ɗaya ta burji a busasshen yanayi, ka rage matakin lalacewa, ka sa wa kanka sharaɗin kai wa ƙarshe ba tare da ka taɓa komai ba, ko da a giya ta uku za ka yi tafiyar duka. Kada ka kalli agogo. Idan ka iya gama ta lafiya sau da dama a jere, sai ka fara jinkirta birki kaɗan-kaɗan, kwana ɗaya bayan ɗaya. Ka yi amfani da kallon cikin mota ko na kan bonet, na bayan mota yana jinkirta fahimtar abin da hancin ke yi.

Idan bayan wannan ka ji kana son ƙari, ka saka nau'in RallySimFans, ka ɗauko shi daga shafinsu na asali kawai, don tsofaffin wasanni irin wannan ana yawan cusa ƙwayar cuta a cikin kwafinsu da ke yawo. A can ka sauya karatun hanya zuwa lamba irin wadda kunnenka ya saba da ita, ka fara da ƙananan motoci masu jan gaba. A lokacin ne sayen sitiyari zai zama da ma'ana, kuma ba sai mai tsada ba: kowane mai injin ja da feda zai wadatar, ka saita juyinsa wajen digiri 540, ka rage ƙarfin jan yadda hannunka zai iya saurin mayar da shi. Sitiyarin zai yi maka aiki a DiRT ɗinka ma, don haka kuɗin ba su tafi a kan wasa ɗaya ba.

Idan kuwa ka gama makarantar ka ji abin gajiya kawai yake ba ka, ka koma DiRT Rally 2.0 da zuciya ɗaya. Wasa ne mai kyau, kuma za ka tarar birkinka ya gyaru a can ma.